HUKUNCIN ZAMAN HAYA A GIDAN BENE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya gidaje su zama wurin natsuwa ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako zai yi bayani ne a kan zaman haya a manyan gidajen bene na birane, watau irin gidan nan da ake kasa shi sassa-sassa, iyali goma ko ashirin su zauna a cikinsa, wasu a sama wasu a ƙasa, ƙofar shiga ɗaya, matakala ɗaya, tankin ruwa ɗaya.

A zaman da aka saba da shi a ƙasar Hausa, mutum yana cikin gidan gado, da zaurensa da katangarsa, maƙwabcinsa kuwa sananne ne tun kaka da kakanni. Amma neman abinci da aikin gwamnati sun kwashi jama'a da yawa sun kai su Ikko da Abuja da Kaduna da Fatakwal, inda fili ya yi tsada, gini ya koma hawa sama. An gina unguwar Festac a Ikko saboda bikin 1977, gwamnatin Alhaji Lateef Jakande ta gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi daga 1979 zuwa 1983, kana da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991 ma'aikata suka cika benayen Garki da Wuse. To, Musulmin da ya sami kansa a irin wannan wuri akwai haƙƙoƙi biyu a wuyansa, na mai gidan da ya ba shi haya da na mutanen da yake zaune tare da su.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sabon al'amari ne da littattafan fiƙihu ba su san da shi ba. Wani matafiyi Bafarishe mai suna Nasiru Khusrau, wanda ya ziyarci Masar wajen shekarar 1047, ya ba da labarin gidaje a birnin Fusɗaɗu masu hawa bakwai har zuwa goma sha huɗu. A zamanin Mamluka kuma birnin Alƙahira ya cika da wani irin gini da ake kira "rab'u", kantuna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, da yawansu waƙafi ne na masallatai da makarantu. A Tunis, cikin ƙarni na 14, wani magini mai suna Ibnu Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gine-gine, ya tara hukunce-hukuncen gini da maƙwabtaka a littafi guda. Saboda haka malamai sun daɗe da yin magana a kan na sama da na ƙasa.

MA'ANAR HAYA DA SHARUƊƊANTA

A Larabci ana ce wa haya "ijara", daga kalmar "ajru", watau lada ko sakamako. Malaman Malikiyya sukan keɓe sunan ijara ga ƙwadagon ɗan Adam da kayan aiki, su kira hayar gida da gona da dabba da jirgin ruwa "kira'i". Haƙiƙarta ita ce sayar da amfanin abu zuwa wani lokaci, alhali shi abin yana nan a mulkin mai shi. Don haka ne Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya nuna cewa hukuncin haya kamar na ciniki ne wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta.

Tun da ciniki ne, tilas a san abin da aka saya. A san sashen da za a shiga, a gan shi da ido ko a siffanta shi sosai. A san kuɗin, a kuma san tsawon lokacin. Idan akwai kuɗin mai gadi, da na kwashe shara, da na man injin da ke tura ruwa sama, da la'adar dillali, da kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, to a faɗe su tun kafin a ƙulla. Dillalin da ya ɓoye wa mai nema cewa rufin yana yoyo da damina, ko famfo ba ya kai ruwa hawa na uku, ya yi algus, kuma la'adar da ya ci a kan haka ba ta da albarka. Har ila yau sharaɗi ne amfanin ya zama halal. Bai halatta mai gida ya ba da ɗaki haya ga wanda ya san zai mai da shi wurin sayar da giya ko caca ko alfasha ba.

Malamai sun kasa hayar gida gida biyu. Akwai wadda aka yanke mata lokaci, kamar a ce shekara ɗaya daga watan kaza zuwa watan kaza a kan kuɗi kaza. Wannan ita ake kira "wajiba", kuma ta lizimci kowannensu, babu mai warware ta shi kaɗai. Akwai kuma wadda ake cewa kowane wata kuɗi kaza ba tare da an ambaci ƙarshe ba, ita ce "mushahara". Wannan kowa yana iya janyewa, sai dai in an riga an biya kuɗi, to ta lizimta gwargwadon abin da aka biya. Yawancin hayar birane a Nijeriya ta shekara ce da ake biya gaba ɗaya, watau nau'i na farko. Ke nan mai gidan da ya karɓi kuɗin shekara ba shi da ikon ƙara kuɗi a tsakiyarta don kawai wani ya zo ya taya da tsada. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alkawuran da suka ƙulla, kuma Hausawa na cewa alkawari kaya ne.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ya kamata a ɗauki wannan ladabi a sha'anin haya. A rubuta yarjejeniya, kowa ya riƙe tasa takardar, a karɓi rasit duk lokacin da aka biya, a kuma zaga gidan tare ranar shiga a rubuta abin da aka tarar a fashe. Kunyar neman takarda wurin dattijo ita ce ke kai mutane gaban alƙali bayan dattijon ya rasu, magada sun zo suna tambayar shaida.

ABIN DA KE KAN ƊAN HAYA

Na farko shi ne biyan kuɗi a kan lokaci. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci. Mutumin da ya canja mota, ko ya yi hidimar biki ta alfahari, alhali mai gida yana ta yi masa sintiri, ya shiga cikin wannan. Sau da yawa mai gidan nan tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin, ko marayu ne da kuɗin hayar shi ne abincinsu da kuɗin makarantarsu.

Na biyu shi ne riƙon amana. Gidan amana ne a hannun ɗan haya, shi ya sa shari'a ba ta ɗora masa ramuwar abin da ya lalace don tsufa ko don amfani na al'ada ba, kamar fenti da ya dushe ko famfo da ya gaji. Amma abin da ya ɓata da gangan ko da sakaci, kamar fasa bango ba izini, ko barin yara su farfasa gilasan taga, ko toshe magudana da shara, wannan biyansa a kansa yake. Mai cewa ai gidan ba na ubansa ba ne ya manta cewa da wannan dalilin ne ma za a tambaye shi.

Na uku shi ne tsayawa a kan abin da aka yi sharaɗi. Wanda ya karɓi sashe don zaman iyali ba zai kafa injin niƙa a ciki ba, ba kuma zai mai da shi sito ya jibge buhunan hatsi a hawa na biyu ba, domin cutarwar ta ɗara wadda aka yi ciniki a kanta. Asalin hukunci a mazhaba shi ne ɗan haya yana iya sanya wani a madadinsa idan wanda zai shiga ɗin bai fi shi cutar da gidan ba. Amma yawancin takardun haya na birane sukan hana yin haka sai da iznin mai gida, kuma wanda ya sa hannu a kan sharaɗi ya kamata ya tsare shi. Idan wa'adi ya cika kuwa, to ya sabunta ko ya fita. Zama cikin gidan mutum ba da yardarsa ba, ana fakewa da jinkirin kotu, cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

ABIN DA KE KAN MAI GIDA

Shi kuma mai gida wajibi ne ya miƙa sashen a yanayin da za a iya zama, kana ya bar ɗan haya ya amfana da shi. Da zarar an ƙulla haya, amfanin ɗakin ya zama na ɗan haya, har mai gida ba shi da ikon kutsawa ciki sai da sallama da izini kamar kowane baƙo. Cire rufi, ko yanke wuta da ruwa, ko sa ƙarti su watsar da kayan mutum a titi don a tilasta masa fita, duk zalunci ne. Wanda yake da ƙara sai ya kai ta inda ake yanke hukunci. Hukumomi ma sun sa hannu a wannan. Alal misali, dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta ce idan babu wata yarjejeniya, mai hayar wata a ba shi sanarwar wata ɗaya, mai hayar shekara kuwa wata shida, ta kuma hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a wuraren da ta shafa. Bin irin wannan doka da aka yi don maslahar jama'a yana cikin ɗa'a ga shugabanni a abin da ba saɓo ba.

Game da gyara, abin da ya shahara a mazhabar Maliku, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halilu, shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Sai dai idan aibi mai cutarwa ya auku, kamar yoyo mai yawa, ɗan haya yana da zaɓi, ko ya zauna a haka ko ya warware hayar. Idan kuma an rubuta a takarda cewa gyaran kaza na mai gida ne, to sharaɗin ya hau kansa. In gidan ya rushe kafin wa'adi, haya ta warware a abin da ya rage. Misali, wanda ya biya naira 600,000 na shekara, ginin ya faɗi bayan wata huɗu, za a mayar masa da naira 400,000 idan watannin duk darajarsu ɗaya. Amma fa rashin tilasta gyara bai ba mai gida damar zuba mutane a ginin da ya san ya tsage ba. A watan Maris na 2019 wani bene ya rufta a unguwar Ita Faji a tsibirin Ikko, akwai makarantar yara a samansa, rayuka suka salwanta. Wanda ya san gininsa ya yi rauni ya rufe baki yana karɓar kuɗi, ya tanadi amsar da zai ba Ubangiji.

Akwai wata mas'ala da jama'a da yawa suka jahilta. Mutuwar ɗan haya ba ta warware haya. Sauran watannin da ya biya haƙƙin magadansa ne. Matarsa kuma shari'a ta umarce ta da yin takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakin da mijin ya bar ta, kuma Risala ta bayyana cewa tana da haƙƙin zama idan gidan na mamacin ne ko ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Saboda haka mai gidan da zai aika wa mai takaba da takardar tashi tun ba a share makoki ba, alhali kuɗin mijinta bai ƙare ba, ya ci haƙƙin da ba nasa ba. Ko da kuɗin ya ƙare, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri.

NA SAMA DA NA ƘASA

Allah Maɗaukaki ya haɗa umarnin bauta masa da kyautata wa iyaye da dangi da marayu da maƙwabci na kusa da na nesa a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i. Manzon Allah kuma ya ba da labari cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. An ruwaito daga wasu magabata cewa maƙwabtaka tana kaiwa gida arba'in ta kowace fuska. In haka ne, ina ga wanda ƙasan ɗakin wani ita ce rufin nasa ɗakin? Wannan haƙƙi kuwa bai keɓanta ga Musulmi ba. Malamai sun ce maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke, kuma a benayen Ikko da Abuja sau da yawa shi ne na ƙofa da ƙofa.

Mafi kyawun abin koyi a nan shi ne Abu Ayyubal Ansari, Allah ya yarda da shi. Lokacin da Manzon Allah ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, a gidansa ya sauka, gidan kuwa mai bene ne. Annabi ya zaɓi ƙasa don ya fi sauƙi ga masu zuwa wurinsa, Abu Ayyuba da matarsa suka koma sama. Ya zo a Sahihu Muslim cewa da Abu Ayyuba ya tuna suna takawa a bisa kan Manzon Allah, sai suka raɓe gefe guda suka kwana a can. Masu tarihi sun ƙara da cewa wata rana tulunsu ya fashe, ruwa ya malale, sai suka ɗauki mayafinsu, wanda ba su da wani sai shi, suka yi ta tsane ruwan don kada ya ɗiga ƙasa ya cutar da shi. Gaskiya ne darajar wanda ke ƙasan ba irin ta kowa ba ce, amma ladabin da aka koya a nan na kowa ne. Duk mai zama a sama ya san akwai mutum a ƙarƙashinsa.

Ƙa'idar da malamai suka gina hukuncin maƙwabtaka a kanta ita ce hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da cutarwa. A kanta ne Risala ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ko yin haƙar da za ta cuce shi ko da a cikin mulkinsa ne. Idan aka auna zaman bene da wannan ma'auni, abubuwa da yawa za su fito fili. Daka a turmi a hawa na sama da asuba, da jan kujeru da tsakar dare, da zubo ruwan wanki ta baranda a kan shanyar na ƙasa, da barin famfon makewayi yana tsiyaya har rufin wani ya jiƙe, duk cutarwa ce. Haka tara shara a kan matakala, da ajiye mota a bakin hanyar fitar wani, da jona waya a mitar maƙwabci ko ta hukuma, wanda shi sata ne ƙarara. Mafi hatsari shi ne tayar da janareta a lungu ko kusa da tagar mutane, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda takan kashe masu barci. Rai ba abin wasa ba ne.

Ko ibada ba a yarda a cutar da ita ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah yana i'itikafi a masallaci ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana sashensu damun sashe. Idan haka ne game da karatun Alƙur'ani a masallaci, to mai ƙure rediyo da wa'azi ko kiɗa da dare, alhali bayan bango akwai majinyaci ko jariri ko ma'aikacin da ya kwana a wurin aiki, ba shi da hujja.

Sai batun sirri. Gidan bene ba shi da zaure, ƙofar ɗaki a kan hanyar kowa take, bango kuma yana da kunne. Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, ta ce in an ce a koma a koma. Sunna ta iyakance neman izini sau uku, ta kuma koyar da cewa mai sallama ya tsaya a gefen ƙofa, domin saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Mai hawa matakala ya runtse idonsa daga ƙofar da ya tarar a buɗe, na sama kada ya mai da baranda wurin leƙen tsakar gidan da ke ƙasa. Abin da kunne ya jiyo ta bango na saɓanin miji da mata amana ce, ba labarin kai wa majalisa ba. Cin amanar iyalin maƙwabci kuwa, Manzon Allah ya lissafa shi cikin mafi girman zunubai, bayan shirka da kashe ɗa.

Barin cuta shi ne matakin farko, kyautatawa tana bisansa. Annabi ya umarci Abu Zarri da ya yawaita ruwan miyarsa don ya ɗiba wa maƙwabta, kuma da Nana A'isha ta tambaye shi wanda za ta fara ba kyauta cikin maƙwabta biyu, ya nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. A gidan da ƙanshin girkin kowa ke shiga ɗakin kowa, wannan sunna ta ƙara ƙarfi. Abin takaici ne a ce mutum ya shekara uku a bene bai san sunan na ƙofa da shi ba, har ya yi jinya ya warke ko ya mutu ba wanda ya leƙa. Biyan kason mutum na kuɗin gadi da gyaran famfo ba tare da an yi ta bin sa ba, da ɗaukar wa tsohuwa kayanta zuwa hawa na uku, da sa ido a kan ɗakin wanda ya yi tafiya, duk suna cikin kyautatawar da ayar ta ambata.

Daga ƙarshe, zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Wanda aka cuta ya fara da yi wa maƙwabcinsa magana a keɓe cikin lumana, in bai ji ba a sa dattawan gidan ko mai gida, kafin a kai ga hukuma. Wanda ke cutarwa kuma ya tuna an ba Manzon Allah labarin wata mace mai yawan salla da azumi amma tana cutar da maƙwabtanta da harshenta, ya ce tana wuta. Haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da nafila, sai an biya ko an yafe. Ɗan haya zai tattara kayansa wata rana ya miƙa mabuɗi, to kafin ya sauka daga matakalar ya tabbata ya biya bashin wuta da ruwa, ya gyara abin da ya ɓata, ya kuma bi ƙofa-ƙofa ya nemi gafarar waɗanda ya zauna da su. Shi ma mai gida ya mayar masa da kuɗin ajiyarsa ba tare da ƙirƙiro dalilai ba.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya ba masu haya ikon mallakar nasu ta hanyar halal, ya sanya tausayi a zukatan masu gidaje, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.